Muhawara: Shin gwajin leptin zai iya hango jijjigar masu ciki?

Ɗalibin likitanci, Gwale: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne a sanya gwajin sinadarin leptin cikin awon ciki, domin yana hauhawa a jinin matan da ke da hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, kuma akwai binciken da ya nuna yana tashi tun kafin alamomi su bayyana. Tunda jijjiga tana cikin manyan cututtukan da ke raba mu da iyayenmu mata wurin haihuwa, me muke jira?

Likitar mata, Tarauni: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Niyyarka mai kyau ce, amma ka yi gaggawa. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka suka gano leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa domin ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a rage ci. A 1997 kuma masu bincike a Japan suka nuna cewa mabiyiya ma tana samar da shi. Shi ya sa yake ninkawa sau biyu zuwa uku a cikin lafiyayyen ciki, sannan ya faɗi da zarar mabiyiya ta fito. Duk da wannan hauhawa mai ciki ba ta daina marmarin abinci, domin ƙwaƙwalwarta tana rage sauraron saƙonsa don ta tara abin da za ta ciyar da ɗan tayi da kuma shayarwa. To, idan na kowace mai ciki yana sama, na mai ƙiba kuma ya fi na siririya, a wane adadi za ka ce akwai haɗari?

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Nasarawa: Dakta, a yi wa yaron adalci. Tushen cutar yana mabiyiya ne, lokacin da jijiyoyin da ke kai mata jini suka kasa buɗewa yadda ya kamata, kuma mabiyiyar da iskar oksijin ta yi wa ƙaranci tana ƙara fitar da leptin. An kuma ba ɓeraye masu ciki sinadarin, jininsu ya hau. Wannan ba ƙaramar hujja ba ce.

Likitar mata, Tarauni: Ban musa ba, Malam, sai dai ɓera ba mace ba ce. Wataƙila leptin hayaƙi ne kawai, wutar tana wani wuri. Yana tashi a ciwon sukari na masu ciki ma, don haka sakamakonsa ba zai faɗa maka wace cuta ce ke tafe ba.

Ungozoma, Fagge: Ni dai abin da idona ke gani zan faɗa. Mace takan zo mana cikinta wata takwas, zobe ya nutse a yatsarta, fuska ta kumbura, tana kukan ciwon kai da gani dishi-dishi, a gida kuwa an ce mata alamar tagwaye ce. Da ta zo awo da wuri, ma'aunin jini da ya nuna 140/90 bayan mako 20, tare da ɗan tsinken gwajin fitsari da ya canja launi, sun isa su faɗakar da mu tun ba a kai ga allurar magnesium sulphate, wadda ake yi don hana jijjiga, ba. Matsalarmu rashin zuwa ce, ba ƙarancin gwaji ba.

Ɗalibin likitanci, Gwale: Na ji, Hajiya, amma ma'aunin jini cutar da ta riga ta zo yake kamawa, ni kuwa rigakafi nake nufi.

Likitar mata, Tarauni: Akwai rigakafin da aka tabbatar. Wadda ta taɓa yin cutar a cikin baya, ko mai tsohon hawan jini, ko ciwon sukari, ko mai ɗauke da tagwaye, likita yana iya ɗora ta kan ƙaramin asfirin tun daga wajen mako 12, kuma tambaya ce kawai ke gano su, ba ɗibar jini ba.