Tattaki daga Wusasa zuwa Kufena a cikin marka: mu tafi ko mu ɗage?

Malamin_Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Kaduna. Ni da abokan aiki da wasu tsofaffin ɗalibaina mun shirya ranar Asabar mu kama hanyar Zariya da asuba, mu sauka Wusasa mu ga tsohuwar cocin ƙasa ta St. Bartholomew da aka gina a 1929, sannan mu taka da ƙafa ta cikin gonaki har gindin Dutsen Kufena. Babban burina su ga ragowar tsohuwar ganuwar wurin. Na daɗe ina faɗa musu cewa tarihin baka ya ce daga Turunku aka dawo da mazaunin sarautar Zazzau nan a zamanin Bakwa Turunku, amma a allo kawai suka san shi. To ga Agusta, marka ta kankama, wasu na cewa a bari sai kaka. Ni kuwa lokacin hutu kaɗai nake samun su. Wanda ya san wurin ya ba ni shawara.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ku zo, ba lokacin da Kufena ta kai damina kyau, ko'ina kore shar, masara ta fi mutum tsayi. Amma ban yarda ku hau dutsen ba in an kwana ana ruwa. Gansakuka kan lulluɓe falalen, santsinsa kamar an zuba miyar kuɓewa, kuma saukowa ta fi hawa haɗari. Da kun ga hadari ya haɗo daga gabas, ku bar kan tudu da gindin doguwar bishiya saboda tsawa. Ku fara zuwa gaida mai unguwa, shi zai haɗa ku da wanda ya san hanya, ya kuma faɗa muku halin tsaro a ranar. Ku gama kafin la'asar.

Maman_Sadiq:
Malam, ni abin da ke raina gonakin mutane ne. Mijina manomi ne, na san zafin a tattake maka kunya bayan ka sa takin da ka saya da tsada. Ku bi turba ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sa takalmi rufaffe, ba silifas ba, don ciyawa ta yi tsawo, maciji na kwanciya a ciki. Rigar ruwa ta fi lema, kuma a ƙulle waya a leda.

Bazazzagi:
Gaskiyar Hajiya. Na ƙara da wannan: don Allah kada yara su hau ganuwar don ɗaukar hoto. Ginin ƙasa in ya sha ruwa ba ya ba da sanarwa. Ba mu manta Agustan 2023 ba, da wani ɓangare na Masallacin Juma'ar Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masu sallar la'asar. Allah ya jiƙansu. Ita ma ganuwar kowace damina raguwa take, ga masu ɗibar ƙasarta suna yin tubali.

Malamin_Tarihi:
Amin. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu zo, mu zagaya gindin dutsen, hawa kuma sai Disamba. Ɗan'uwa Bazazzagi, in ruwa ya tsare mu a hanya, akwai inda mutum goma sha biyar za su fake tsakanin Wusasa da dutsen?