Ta yaya zan koyar da 'yan firamare maganar ciwon zuciya?

Malama_Aji5:
Assalamu alaikum jama'a. Ni malama ce, 'yan aji 5 nake koyarwa, an ba ni darasin kiwon lafiya kuma ina so in taɓo maganar ciwon zuciya, amma da na fara sai yaran su yi min zuru, a ganinsu ai ciwon tsofaffi ne. Wata yarinya ma kuka ta saka don babanta na da hawan jini, ta ɗauka cewa nake zai mutu. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Don Allah a ba ni shawara.

Nas_Bilki:
Wa alaikumus salam Malama. Kar ki fara da ciwo, fara da zuciyar kanta. Kowa ya dunƙule hannunsa, ki ce kusan girman zuciyarka kenan, kuma tana bugawa wajen sau 100,000 a rana. Sai su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu su ƙirga bugun minti ɗaya, a fita fili a yi tsalle-tsalle a dawo a sake ƙirgawa, da kansu za su tambaye ki me ya sa ya ƙaru, to nan darasin ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na minti 60 kullum, wasan guje-guje ma yana ciki.

Abban_Yara:
Gaskiya ne, amma Malama yaro ba shi ke girki ba fa. Ki ba su aikin gida su je su gaya wa iyayensu cewa babba ma bai kamata ya kai giram 5 na gishiri a rana ba, kusan ƙaramin cokali kenan. Sai ki ja musu kunne kan lemon kwalba da sigari, yawancin masu shan sigari tun suna samari suka fara.

Nas_Bilki:
Na manta muhimmin abu! Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo wani irinsa, in ba a sha magani ba yana iya lalata bawul ɗin zuciya, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, kuma yara 'yan 5 zuwa 15 ya fi kamawa. Ki koya musu in maƙogwaro na ciwo su faɗa a gida a kai su asibiti, kar su ɓoye.

Malama_Aji5:
Allah ya saka da alheri, na maƙogwaron nan ban taɓa sani ba sam. Gobe da ƙirga bugun zan fara. Yarinyar nan kuma zan kira ta gefe in nuna mata hawan jini ana shan magani a zauna lafiya.