Ƙarin girma a rundunar wasa: abin da muka gani a Gombe da Bauchi

Mai horar da kurata, Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Rundunarmu ta wasan harbi na waya Call of Duty: Mobile, wadda ta haɗa matasan Gombe da na Bauchi, za ta rubuta ƙa'idar ƙarin girma, kuma ni aka ɗora wa tattara ra'ayoyi. Muƙamanmu na soja ne, daga kurtu zuwa kofur mai igiya biyu, saje mai igiya uku, laftana mai anini biyu, sai kyaftin mai anini uku. Shi wasan yana da nasa matakan gwaninta, daga Rookie har zuwa Legendary, mu kuwa mun daɗe muna duba matakin mutum kafin mu maƙala masa anini. A ganina nan gizo ke saƙar, amma ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe muƙami, ko ya zauna a ƙarƙashin wani, ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Saje, Pantami, Gombe:
Wa alaikumus salam Malam. Na yi wasa a ƙarƙashin kyaftin ɗin da babu wanda ya kai shi iya harbi a cikinmu, kuma saboda hakan aka ba shi muƙamin. A Search and Destroy, inda mutum biyar ke fuskantar biyar kuma wanda ya faɗi ba ya tashi sai zagayen ya ƙare, da an fara sai ya arce shi kaɗai wajen A, ɗaya daga wurare biyu (A da B) da ake dasa bam, makirifonsa a kashe. Idan ya yi sa'a ya kwashe mutum uku, mu yi ta yabo. Idan aka kayar da shi, sai ka ga mu huɗu muna tsaye da bam a hannu, babu wanda ya san inda za a dasa shi. Daga baya aka haɗa ni da wani kofur da bai wuce matakin Master ba. Kafin kowane zagaye zai ce wane ya tsare ƙofar B, wane ya jefa hayaƙi, ni kuma in bi bayan mai ɗauke da bam, kuma idan muka sha kashi muryarsa ba ta canzawa, sai dai ya ce a sake shiri. A ƙarƙashinsa muka fi cin wasa, amma har yau igiya biyu gare shi, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Laftana, Azare:
Ɗan uwa Saje, na yarda da kai, sai dai kada mu zubar da gwaninta gaba ɗaya. Yaran nan ba sa jin maganar hafsan da kullum shi ake fara kayarwa. A sa matakin da dole mai neman anini ya kai, daga nan kuma a koma duba halinsa.

Ɗalibi, Yelwa, Bauchi:
Ni dokar halarta ce ta taɓa ni. Mun kwafo ta ne daga rundunonin Arma 3 na Amurka da Turai, wasan da kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Czech ya fitar a 2013, wanda ake yi da kwamfuta a gidajen da wuta ba ta cika yankewa ba. Mu kuwa a waya muke wasa tun da namu ya fito a watan Oktoban 2019, wayar nan sau da yawa tana shagon mai caji, ga data mai tsada, ga sabis da kan yi rauni ana tsakiyar fafatawa. Lokacin jarrabawa na rasa atisaye, na dawo na tarar an cire mini igiya ba tare da kowa ya kira ya ji lafiyata ba. Abin da ya kamata a nema daga hafsa shi ne ya sanar da wuri idan ba zai samu zuwa ba, ya kuma ambaci wanda zai riƙe masa mutanensa a daren. Haka nan shi ne zai tsara lokaci da sanin halin jama'arsa: atisaye bayan sallar isha'i, da azumi kuma bayan asham, kada a tilasta wa yaro ya zaɓa tsakanin jam'i da fareti.

Ɗan kasuwa, Muda Lawal, Bauchi:
Ƙannena, akwai maganar da ake jin nauyin faɗa, wato kuɗi. Nakan sa kyautar gasa, wani lokaci in saya wa yara data, kuma saboda wannan aka taɓa yi mini tayin zama kyaftin. Na ce a'a, domin shago ba ya barina in zauna atisaye, kuma duk ranar da anini ya zama abin saye, yaron da ba shi da ko kuɗin CP, wato kuɗin sayayya a cikin wasan, zai san cewa ƙoƙarinsa ba zai kai shi ko'ina ba. A kira mai taimakawa uban ƙungiya, a girmama shi, amma umarni a fagen fama a bar wa mai zuwa fagen.

Kofur, mace, Jekadafari, Gombe:
Yaya Malam, ina so a rubuta maganar baki ƙarara a cikin ƙa'idar. Ranar da na fara buɗe makirifo, wani ya soma maganganun da ba su dace ba da ya ji muryar mace. Laftananmu bai jira an gama ba, ya ja masa kunne a gaban kowa, ya dakatar da shi daga atisaye, sannan ya rubuta wa shugabanni abin da ya faru. Shi ne kuma ya buɗe mana ɗakin wasa na keɓe a taswirar Firing Range, mu sababbi, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gyara mana saurin juyawar kyamara da inda maɓallan harbi za su zauna a fuskar waya, har muka iya wasa da yatsu uku. Hafsan da ya yi ashar ko ya zagi iyayen wani saboda an ci mu, a rage masa girma a ranar, ko da shi ne gwanin gwanaye.

Tsohon kyaftin, Bolari, Gombe:
A rundunar da na riƙe a baya, ba ma tabbatar wa kowa anini kai tsaye. Saje mai neman zama laftana yakan yi riƙon ƙwarya na zangon wasa guda, a ba shi kurata su zama a hannunsa, a ƙarshen zangon kuma hafsoshi biyu da ba abokansa ba su kira kuratan nan ɗaya ɗaya, ba a gabansa ba, su tambaye su ko ya san sunayensu, ko ya taɓa neman wanda ya ɓace, da kuma abin da suka koya a wurinsa. Malam, idan za ku ɗauki wannan tsari, ku fara da kofur ɗin da Sajen Pantami ya ambata, ku ba shi sababbin da za su shigo bayan sallah.