Abin da aka tattaro kan koyon jan jirgin ruwa mai tafiya da iska

A wata zantawa da aka yi a Damagaram kan wani matashi da ke karatu a Faransa kuma yake son zama shugaban jirgin ruwa mai tafiya da iska, shawarar farko ita ce ya ƙware a iyo, domin wanda ya tashi nesa da teku sau da yawa bai saba da ruwa mai zurfi ba.

Masu masaniya sun ce Faransa ba ta neman takardar izini ga mai jan irin wannan jirgi don nishaɗi, amma mai son ɗaukar fasinja a biya shi sai ya mallaki shaidar Capitaine 200. An ambaci makarantar koyon jan jirgin ruwa ta Les Glénans da ke Faransa, wadda aka kafa a 1947, a matsayin wurin farawa.

An fi daɗewa kan tsarin horo na RYA, ƙungiyar harkar tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya. Kafin jarrabawar Yachtmaster Offshore, wato ta shaidar ƙwarewar shugabantar jirgi a teku, ana buƙatar kwana 50 a teku da mil 2,500, ciki har da tafiya biyar da kowace ta haura mil 60, biyu daga cikinsu mutum yana shugabanta. Matakin da ke sama da shi kuwa, wato Yachtmaster Ocean, yana neman tafiyar mil 600 da iya gano wuri ta auna rana da taurari, abin da ya tuna wa dattawan wurin madugan ayarin Bilma.

A ganina, shawarar da ta fi amfani ita ce ya fara shiga jiragen wasu a matsayin ɗan aiki, yana rubuta kowace tafiya, sannan ya nemi shaidar amfani da rediyon VHF, wanda jiragen ruwa ke sadarwa da shi, da ta taimakon gaggawa.