Neman shawara: Yayanmu ya ce doka ta ƙayyade kuɗin da za mu sayar da gida

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Hotoro, mu huɗu da Hajiyarmu, ba a raba ba tukuna. Wani ɗan kasuwa ya taya miliyan 40. Sai babban yayanmu ya ce doka ta hana a sayar da gida sama da ƙimar da gwamnati ta yi masa, wai miliyan 28 ce, kuma shi zai saya a haka. Raina bai kwanta ba. Da gaske akwai wannan dokar?

Lauya daga Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Babu ita, Hajiya. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 kaya ta lissafa irin su fulawa, sukari, gishiri da man fetur, babu gida ko fili a ciki. Wadda ta shafe ku ita ce dokar mallakar ƙasa ta 1978. Ta ce ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, don haka in gidan yana da satifiket, sashe na 22 ya wajabta a nemi amincewarsa kafin a mayar da shi sunan wani. Kotun Ƙoli ma ta rushe wata jinginar gida a 1989 saboda rashin wannan amincewar. Amma izini ake nema, ba a tambayar gwamna nawa za a sayar. Ƙimar da yayanki yake faɗa, in ma akwai ta, ta ma'aikatar ƙasa ce, da ita suke lissafa kuɗin rajista da na hatimi. Inda gwamnati ke yanke kuɗi da kanta shi ne in ta karɓe wuri don aikin jama'a, kamar titi, ta biya diyyar ginin da ke kai.

Wata 'yar uwa: Yayan nan naki dai so yake ya ci da gumin marayu. Miliyan 12 fa!

Dattijo a Kurna: A'a, 'yata, kada a yi saurin yanke masa hukunci. Wataƙila wani ne ya faɗa masa ya hau kai ya zauna.

Malamin Islamiyya: Ta fuskar shari'a ma haka ne. Farashi ya taɓa tashi a Madina, sahabbai suka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi daga Anas. Abin da aka hana shi ne ɓoye aibin gida, da sa wani ya riƙa tayin ƙarya don kuɗi ya hau. Sai dai yayanki yana da wani haƙƙi na gaske, shi ne shuf'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, in abokan tarayya suka sayar wa bare kasonsu a gidan da ba a raba ba, wanda bai sayar ba yana iya karɓa ya biya. Amma kuɗin da baren ya saya zai biya, ba ragi. In kuma akwai wanda bai balaga ba a cikinku, ba mai ikon yafe masa ko sisi daga kasonsa.

Mai tambaya: Akwai, Malam. Autarmu shekararta 14.

Malamin Islamiyya: To magana ta ƙare. Ku kai rabon kotun shari'a, alƙali ya sa a ƙiyasta gidan.

Dillali a Tarauni: Ni abin da zan ƙara, ku tabbatar tayin nan na gaske ne. Mun sha ganin mai tayi da baki, ranar biya a nemi wayarsa a rasa. Ku kira dillalai biyu da ba su san juna ba, kowa ya faɗi nasa. Kuma kada mai saye ya lallaɓe ku a rubuta kuɗi kaɗan a takarda don ya rage haraji. In rigima ta tashi, abin da ke rubuce alƙali zai duba.

Lauya daga Zariya: Gaskiyarka. Kuma a biya ta banki. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓar fiye da miliyan 5 a hannu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan sa Kawu ya tara mu, shi Yaya yake jin nauyi. In zai iya biya a kan 40 ɗin, wallahi na fi son gidan ya zauna a hannunsa.