Wa Za a Naɗa Sarki a Jikin Ɗan Adam?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Jiya a aji wani yaro ya tambaye ni, a duk sassan jiki wanne ne sarki. Na ce masa zuciya, amma har na kwanta maganar ba ta bar raina ba. Ga nawa baitocin, amsa-amon "ki" ne, mai ja ya fito.

Bismillahi, na fara da sunan Jalla,
Shi ya ƙagi ɗan Adam, ya ba shi jiki.

Zuciya na zaɓa, ya 'yan'uwana,
A fadar ƙirji ita ce sarki.

Girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba,
Amma ɗakuna huɗu ta ƙunsa ciki.

Dama ta tura jini zuwa ga huhu,
Hagu ta raba shi ga kowane yanki.

Bugu wajen 100,000 dare da rana,
Kana barci, tana nan bakin aiki.

Lita biyar na jini take juyawa,
Ba hutun sallah, ba hutun biki.

Sarkin Fawa:
Wa alaikumus salam. Ni ban yi boko ba, da wuƙa na yi karatuna. Na san tumbin rago daban yake da na mutum, amma hanta hanta ce.

Allah gafarta Malam, dakata,
Rawanin nan a naɗa wa hanta,
In na farke rago na duba ta,
Nan nake sanin ko naman na kirki.

Tana dama, ƙarƙashin haƙarƙari,
Ja wur, sumul, ba ta da tauri,
Matsarmama na maƙale, kar ka yi sauri,
In ta fashe ta ɓata maka girki.

Ɗacin nan da muke jefarwa,
Shi ke sa kitse narkewa,
Guba in ta shiga, ita ke tacewa,
Ba ta ƙorafi, ba ta da raki.

Sista Rabi:
Baba, bakinka da gaskiya. Hantar babban mutum takan kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma ita ke haɗa ruwan ɗacin, matsarmama ajiya kawai take yi. Amma ni da nake kwana a ɗakin marasa lafiya, na san abin da ke sa mu tashi a guje da tsakar dare.

Baba, toshe hanci ka ƙirga sittin,
Ka ga yadda za ka dawo da haki.

Huhun dama kashi uku aka yi shi,
Na hagu biyu, ya bar wa zuciya ɗaki.

Iska ta bi maƙogwaro ta gangara,
Ta rabu rassa-rassa, yanki-yanki.

Can ƙarshe 'yan jakunkuna ne mitsi-mitsi,
Nan jini ke ɗaukar iska mai tsarki.

Ya sauke gurɓatacciya, a fesar waje,
Ya juya da sauri ya koma aiki.

Ibnun Nafis, likita a Alƙahira,
Tun ƙarni na 13 ya yi fashin baki:

A zuciya ba ƙofa tsakanin dama da hagu,
Sai jini ya bi huhu, can ne mashigi na ciki.

Ɗan Maraɗi:
Yaya Sista, sannu da ƙoƙari. Ni magini ne, ban taɓa ganin an yi rufi babu azara ba.

Ku bar ta kayan ciki haka nan,
Ba ƙashi, da mun zube kamar buhun taki.

Guda 360 na ji a wurin wa'azi,
Kowanne da sadakarsa, in ji mai tsarki.

Haƙarƙari 24 sun ja shinge,
Su tsare huhu da zuciya daga farmaki.

Na cinya shi ne dogo a cikinsu,
Ƙaraminsu na kunne, abin mamaki.

Malam Habu:
Ƙanena, baitocinka sun yi daɗi, sai gyara ɗaya. Hadisin da Muslim ya ruwaito gaɓoɓi 360 ya ambata, wato mahaɗai, ba ƙasusuwa ba. Ƙashin baligi 206 ne. Jariri ya fi haka yawa, yana girma wasu suna haɗewa, shi ya sa maɗigarsa ke lotsawa kafin ta rufe. Sista kuma, kin tuna mini: sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki duka.

Ɓargo kuwa ba na miya kaɗai ba ne,
Idon ruwa ne na jini, ba tafki.

Hauwa:
Iyayena, a yi wa ƙaramarku uzuri, gajere ne nawa.

Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni,
Jijiyoyi su ne wayoyin lantarki.

Laka ta bi ta cikin ƙashin baya,
Saƙo ya hau, ya sauka, ya fi doki.

Ran da na dafa murfin tukunya,
Kafin in ji zafi hannu ya ja birki.

Wannan janyewar ma laka ce ta yanke hukunci, ba ta jira saƙo ya kai kai ba.

Hajiya Bilki:
Na daɗe ina bin ku shiru. Ban iya waƙa kamar ku ba, amma abin da na gani da idona zan faɗa.

'Ya'yana, kun yi ta naɗin sarauta,
Ba wanda ya tuna da mai wanki.

Ƙoda biyu ne, siffar ƙwayar wake,
Can ta baya suke, ba su da baki.

Lita 180 suke tacewa kullum,
Ɗaya da rabi ke fita, saura na jiki.

Alhaji na da hawan jini shekaru,
Da ya ji dama, ya yi wa magani saki.

Ba zazzaɓi, ba ciwo, ba komai,
Ashe a ɓoye ana ta yin miki.

Sai takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa,
Fuska ta kumbura, taku kaɗan sai haki.

Yanzu sau biyu a mako muna asibiti,
Awa huɗu inji na yi masa wanki.

Ina zaune ina kallon jininsa a roba,
Ya fita, ya zaga, ya koma ciki.

Ruwan sha da ɗan kofi nake auna masa,
Shi da ke shanye moɗa uku in ya taso aiki.

Gishiri na rage a tukunyar gidan duka,
Yara suka ci, ba wanda ya yi tsaki.

In dare ya yi nakan dafa hannunsa,
In ji jijiyar na rawa inda aka yi ɗinki.

Sista Rabi:
Wayyo Hajiya. Allah Ya ba Alhaji lafiya, ke kuma Ya saka miki da haƙurinki. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma sau da yawa sai ta yi nisa kafin mutum ya ji komai. Rawar nan da kike ji a hannun alama ce hanyar wankin a buɗe take. Ranar da kika dafa kika ji shiru, kada ku jira ranar wanki, ku tafi asibiti a take.

Ƙoda ke aika wa ɓargo saƙo,
In ta gaza, jini ya ragu a jiki.

Sarkin Fawa:
Hajiya, kin sa jikina ya yi sanyi. A gaida Alhaji, Allah Ya sa kaffara ne.

Ƙoda, shekara da shekaru ina ɓare ta,
Daga cikin kitse nake ciro ta,
Gobe da asuba in na riƙe ta,
Zan sa Alhaji a addu'a kafin in fara aiki.