Neman kalmar Hausa: me za mu kira "voyageur" na tarihin Kanada?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara wani shirin rediyo a kan rayuwar mutanen Kanada na zamanin mulkin mallaka, kuma ranar Alhamis za a naɗi murya. Kalmar da ta tsaya mini ita ce voyageur. Mutanen nan, waɗanda galibinsu masu jin Faransanci ne, su ne suke tuƙa jiragen ruwa na ɓawon itace daga Lachine, kusa da Montreal, su kai hajar kamfani can cikin ƙasa, su dawo da fatun dabbobin da ake yin huluna da gashinsu a Turai. Na rubuta "fatake", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam, Malama. Da gaskiyar zuciyarki. Falke mai jari ne ko da kaɗan ne, goron da ya ɗauko daga Gwanja nasa ne, riba tasa, faɗuwa tasa. Shi kuwa voyageur ɗan ƙwadago ne da ya sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma fatun da yake ɗauke da su na kamfanin North West ne ko na Hudson's Bay, waɗanda suka haɗe a 1821. Inda kogi ya ƙi biyuwa, sai a sauke kaya a goya su da maɗauri a goshi, mutum ɗaya ƙunshi biyu, kowanne wajen kilo 41, kuma a Grand Portage, wata hanyar dakon kaya da ke bakin tafkin Superior, tafiyar ƙasan ta kai kusan kilomita 14. Ni "'yan alaro" zan ce, wato masu ɗaukar kayan fatake a kan hanya.

Ɗan'uwa daga Maraɗi: A Faransancin da muka karanta, kalmar ba ta wuce "matafiyi" ba, sai dai "matafiya" ba za ta nuna sana'a ba. Ina ba da shawarar "fataken ruwa". Tana da daɗin faɗi, kuma mai sauraro zai ga ayari a idonsa nan take.

Dattijo: Ban yarda da "alaro" ba, domin daga Yarbanci aka aro ta, alhali muna da "dako". Abin takaici ne a ce duk lokacin da muka zo fassara sai mun miƙa ƙoƙon bara ga maƙwabta.

Malamin tarihi: Ranka ya daɗe, kalmar da kakanninmu suka yi ta faɗi a kan hanyoyin fatauci ta zama tamu. Ɗan dako na cikin kasuwa ne, ɗan alaro kuwa mai dogon zango ne, kuma wannan bambancin nake so a kiyaye.

Ɗan'uwa daga Maraɗi: Kullum haka ake yi mana. Idan shawara ta fito daga Nijar sai a tsallake ta kamar ba a ji ba, sai abin da Kano da Zariya suka amince da shi. Ina nan a kan "fataken ruwa".

Malamin tarihi: Ba a tsallake ta ba, Malam, an amsa ta tun kafin ka kawo ta. Idan muka kira su fatake, mun ba su dukiyar da ba su taɓa mallaka ba, mun kuma ɓoye wahalarsu. Sunan Alexander Mackenzie, jagoran tafiyar, ake ambata idan an zo maganar isa tekun Fasifik a 1793, amma hannuwan da suka tuƙa jirgin na waɗannan mutane ne, tare da 'yan asalin ƙasar da suka nuna hanya.

Dattijo: To a ce "matuƙa jirgin fatauci", a huta da aro.

Mai fassara: Baba, wannan ta bar dakon a waje, kuma rabin aikin ke nan. Saboda lokaci, a ambaton farko zan faɗi kalmar Faransancin in bayyana cewa 'yan ƙwadagon kamfanonin fatu ne masu tuƙi da dako, daga nan in ci gaba da "'yan alaron ruwa".

Ɗan'uwa daga Maraɗi: An dai ɗauki "ruwa" daga wajena. Ban gamsu ba, amma ba zan hana ki aikinki ba.

Dattijo: A wannan shirin kawai. Idan za a sa ta a littafi, sai mun sake zama.